Wasiƙa daga Tibilisi kan Yaƙin Kwana Biyar

Tibilisi, Jojiya
Watan Agusta

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya da maiɗakinka da yara. Yaya damina? Mu nan zafi ake zabgawa, muna kuma hutun ƙarshen zango. Karatun likitanci sai godiya.

Saƙonka ya iso ni, inda kake tambaya ko hankalinmu a kwance yake, tunda ka duba taswira ka ga Rasha a saman kanmu, ga kuma abin da ke faruwa a Yukren. Lafiya lau muke, ka faɗa wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Sai dai tambayar taka ta zo a kan gaɓa, domin a wannan watan ne mutanen ƙasar nan ke juyayin yaƙin da suka yi da Rasha a 2008. Kuma makon jiya na ga wani abu da har yanzu bai bar zuciyata ba.

Wani ɗan ajinmu, ɗan ƙasar nan, ya gayyace ni gidan mahaifiyarsa a Tserovani, ba nisa da Tibilisi, a kan babbar hanyar zuwa Gori. Na sha wucewa ta wurin a mota ina ganin ƙananan gidaje jere reras, kusan 2,000, duk fasali ɗaya, ban taɓa tambayar ko na su wa ne ba. Ashe gwamnati ce ta gina su cikin gaggawa bayan yaƙin, domin waɗanda aka raba da garuruwansu kafin sanyin hunturu ya same su a waje.

Tsohuwar ta karɓe ni hannu biyu-biyu. Ɗanta ya riga ya gaya mata ni Musulmi ne, saboda haka ba ta kawo giyar inabi da suke tarbar baƙo da ita ba. Shayi ta kawo, da burodinsu mai cuku a ciki da suke kira khachapuri, da faranti cike da tuffa. Tana fere tuffar da wuƙa tana cewa wannan ta kasuwa ce, ba ta kai ko rabin tata ba. Nan ta tashi ta ɗauko wani gwangwanin alewa, ta buɗe. Makulli ne a ciki da hoto guda: ita da maigidanta, wanda ya rasu, a tsaye cikin lambun tuffarsu a wani ƙauye arewa da Tskhinvali, babban garin yankin Osetiya ta Kudu. Ta ce ranar da suka gudu ta kulle ƙofa da kyau, har ta zuba wa kaji hatsi na kwana biyu, don a zatonta jibi za ta dawo. An ƙone gidan. Ƙauyen ma babu shi yanzu. Makullin ne kawai ya rage, kuma tana goge shi kada ya yi tsatsa. Wallahi na kasa haɗiye shayin.

Ruwa ba ya tsami banza, bari in koma maka baya. Jojiya ƙaramar ƙasa ce, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ke rugujewa a 1991, yankuna biyu suka ce ba za su zauna ƙarƙashin Tibilisi ba: Osetiya ta Kudu da Abkhaziya. Osetiyawa suna da harshensu daban, kuma 'yan'uwansu na Osetiya ta Arewa suna cikin Rasha, duwatsun Kokesas ne kawai a tsakani. Aka gwabza a Osetiya ta Kudu daga 1991 zuwa 1992, aka sake gwabzawa a Abkhaziya daga 1992 zuwa 1993, inda aka kori 'yan Jojiya sama da 200,000 daga gidajensu. Kada ka ɗauka ɓangare guda ne ya ji jiki. Osetiyawa da Abkhazawa su ma sun binne nasu, kuma ba su manta da masu tsattsauran kishin ƙasa na Tibilisi da suka riƙa kiransu baƙi a wancan lokacin ba. Daga nan Rasha ta girke sojoji da sunan kiyaye zaman lafiya, daga baya kuma ta shiga raba wa mutanen yankunan fasfo ɗinta. Ka ga ke nan duk wanda ya taɓa su, za ta ce 'yan ƙasarta aka taɓa.

Mikheil Saakashvili ya hau mulki a 2004 yana matashi, da alkawarin haɗe kan ƙasar da kai ta cikin ƙungiyar tsaro ta NATO. Ya kusanci Amurka ƙwarai, har ya tura sojoji wajen 2,000 Iraƙi. A Fabrairun 2008 Kosobo ta ɓalle daga Sabiya, ƙasashen Yamma suka amince da ita, Mosko ta ƙullaci abin. A Afrilu kuma, a taron NATO na Bukares, aka ce Jojiya da Yukren za su zama mambobi, amma ba a sa rana ba, ba a kuma ba su wata kariya ba. A ganina wannan alkawari ya cuci Jojiya. Ya fusata maƙwabcin da ke bakin ƙofa, alhali masu alkawarin suna can nesa.

An yi ta musayar wuta tsakanin ƙauyuka a farkon Agusta. Daren 7 ga wata sojojin Jojiya suka buɗe wa Tskhinvali wuta da manyan bindigogi da rokoki. Washegari, ranar da duniya ta zuba ido kan bikin buɗe wasannin Olamfik a Bejin, inda Putin kansa yake zaune a matsayin firaminista, tankokin Rasha suka kwararo ta hanyar Roki da aka huda ƙarƙashin dutse. Ba su tsaya a Osetiya ta Kudu ba. Suka buɗe wani fagen daga ta Abkhaziya, jiragensu suka yi ruwan bama-bamai a Gori, garin da aka haifi Stalin, sojojinsu suka shiga garin, suka kuma shiga tashar jiragen ruwa ta Poti. Ranar 12 ga wata Shugaba Sarkozy na Faransa, wadda ke riƙe da shugabancin Tarayyar Turai a lokacin, ya sasanta tsagaita wuta. Ranar 26 ga Agusta Shugaba Medvedev ya sanar cewa Rasha ta amince da yankunan biyu a matsayin ƙasashe. Ƙalilan ne suka bi sahunta, irin su Nikaraguwa da Benezuwela. Abin da Amurka ta iya yi shi ne kwaso sojojin Jojiya daga Iraƙi a jiragenta da aiko kayan agaji.

Kwamitin binciken da Tarayyar Turai ta kafa ƙarƙashin Heidi Tagliavini, jami'ar diflomasiyya 'yar Suwizalan, ya fitar da rahotonsa a 2009. Ya ce harin da Jojiya ta kai Tskhinvali shi ya buɗe yaƙin kuma bai da hujja a dokar ƙasa da ƙasa, amma an daɗe ana tsokanarta, kuma martanin Rasha ya wuce gona da iri nesa ba kusa ba. Ya ƙiyasta mutum kusan 850 suka mutu, sama da 100,000 suka bar gidajensu. Ya kuma tabbatar cewa an kori 'yan Jojiya daga ƙauyukansu a Osetiya ta Kudu saboda ƙabilarsu. Abokina ba ya son jin rabin farko na rahoton, mun ɗan yi gardama a kansa a hanyar dawowa. Ni dai na tsaya a kan cewa shugaban da ya harba rokoki cikin gari da dare, mutane suna barci, ya ɗauki alhaki, ko da an tsokane shi. Haka wanda ya zo da sunan ceto ya tsaya yana kallo mayaƙan da ke bayansa suna cinna wa gidan tsohuwa wuta, shi ma alhakin yana wuyansa. A 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ɗora wa Rasha alhakin kisa da ƙone-ƙone da wawashe dukiya da aka yi bayan tsagaita wuta.

Ana kiransa yaƙin kwana biyar, amma ban ga alamar ya ƙare ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar ba ya hannun gwamnati, Rasha ta kafa sansanonin soja a yankunan biyu, kuma babu hulɗar jakadanci tsakaninsu har yau. Da yamma abokina ya kai ni wani tudu kusa da layin da ya raba Osetiya ta Kudu da sauran ƙasar, ya nuna mini wayar ƙaya da koren allon da aka kafa mai cewa nan iyakar ƙasa ce. Wayar ta ratsa gonaki, ta raba wasu da maƙabartar iyayensu. Manomi ya bi saniyarsa da ta ɓata, sai a kama shi a kai Tskhinvali a ci shi tara don wai ya tsallaka iyaka. Masu sa ido na Tarayyar Turai suna sintiri a motocinsu ta wannan gefen, ba a barinsu su shiga ɗaya gefen. Na tuna a makon nan dai na Agustan 2008 Nijeriya ta miƙa Bakasi ga Kamaru bisa hukuncin kotun duniya, muna yara muna jin manya suna ta ƙorafi. A kan tudun nan na ji ina gode wa Allah da ba bindiga ce ta raba mu ba.

Da za mu tafi tsohuwar ta cusa mini tuffa a jaka, ta ce in Allah ya mayar da ita gida in zo in ci ta gaske. Na ce mata amin.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'arta, jarrabawa tana tafe bayan hutu. Ka shafa mini kan yara. In ka samu mai tahowa, a taimaka mini da yaji da kuka, nawa sun ƙare.

Wassalam,
Naka amini