Hazo da saukar jirgi: ba taurin kan matuƙi ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili, saboda duk shekara da hunturu ya kama sai ka ji mutane a filin jirgi suna ta masifa wai ai ga gari nan ana gani, me ya hana jirgi sauka. Satin da ya wuce ma na je tarbar yayata a Kano, jirginsu ya yi ta shawagi ƙarshe ya juya, wani bawan Allah kusa da ni har da cewa wai matuƙin ne matsoraci. Wallahi abin ya ba ni haushi.

Jama'a, sauka da ido, wato matuƙi ya sauke jirgi yana kallon titin sauka da idonsa, ba wai matuƙi ya leƙo ta taga ya ce bismillah ba ne. Kafin jirgi ya iso akwai masu kula da shi ta rada, su ne ke jera jirage kowa da layinsa, kuma ko matuƙi ne ya roƙa ko su ne suka yi masa tayi, sai ya tabbatar musu yana ganin ƙasa sosai kafin su yarda. Su kuma sai sun gaya wa mutanen hasumiyar filin jirgi, masu ba da izinin sauka da tashi, cewa ga jirgi kaza nan tafe, da ido zai shigo, titi kaza, ga wanda ke biye da shi, sannan su miƙa shi. Hasumiya ce ke da maganar ƙarshe, in ba ta ce sauka ba babu sauka. To kai da ke tsaye a ƙasa kana hango motarka a fakin, shi fa daga sama yake neman titi ta cikin ƙura a kan gudun da ya haura kilomita 200 a awa.

Ko gari garau ne ma ido na yaudara. A watan Yulin 2017 a San Francisco ta Amurka, jirgin Air Canada da aka ba izinin sauka da ido cikin dare ya saiti hanyar da jirage ke bi su je titi, ya ɗauka titin ne, alhali jirage 4 cike da fasinja na jere a kai. Ƙiris ya rage, Allah ne ya kiyaye ya sake tashi sama. Can fa babu hazo.

Mu Kanawa kuma bai kamata a tuna mana ba, manyanmu na ba da labarin jirgin alhazai na 22 ga Janairun 1973 da ya taso daga Jidda, mutum 176 suka rasu a nan wajen sauka. Allah ya jiƙansu.

Ni dai abin da nake so jaridarku ta yi, maimakon kullum labarin "an soke tashin jirage" kawai, ku tura ɗan rahoto ya zauna da mutanen NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, da NiMet, hukumar hasashen yanayi. A tambaye su na'urar ILS, wadda ke jan jirgi zuwa titi ko ba a gani sosai, wane filin jirgi ne a Arewa ke da ita, wane mataki ce wajen ƙarfin aiki, yaushe rabon da a gwada ta. Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri duk muna son ji, ku buga mana da Hausa kafin hunturun baɗi.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano