Zane a littafin yara ba kwalliya ba ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Raina ya ɓaci da abin da baƙonku ya faɗa a shirinku na rediyo na ranar Asabar, wai marubuci ya gama labarinsa tsaf, sannan ya nemi mai zane ya ƙawata masa shafuka, kuma lallai shafin ƙarshe ya ɗauki darasi. Shi kuwa mai gabatarwa sai ƙwarai kuwa yake ta cewa. Irin wannan shawara ce ke kashe littafin yara tun bai kai maɗaba'a ba.

A littafi mai hotuna, zane ne ke ɗauke da rabin labari. Idan rubutu ya ce yarinya tana kuka, zane ma ya nuna tana kuka, me aka rage wa yaro ya gano? A ce labarin yarinya ce mai haɗa motar kara. Rubutu ya tsaya a kan kalma huɗu: "Taya ta sake fita." Zane kuwa ya nuna ƙanenta yana dariya, akuya tana tauna karan da ta tara, can gindin randa ga murfin kwalba guda biyu yashe a ƙasa. Kada a ambaci murfin ko sau ɗaya. Ɗan shekara huɗu zai ɗora yatsa a kai ya ce, ta sa wannan mana! Da aka juya shafi ya ga abin da ta yi ke nan, ya fara yarda cewa dabarar da ta faɗo masa dabara ce. Amma idan aka kawo uba ko malami ya karɓi motar ya gyara, an nuna wa yaron cewa tunani aikin manya ne, shi nasa kallo. Ta yaya mai zanen da aka kira bayan an gama komai zai san inda zai ajiye murfin nan?

Tare ake zama, marubuci da mai zane, tun daga farko. A ɗauki takardar A4 guda takwas a ninka gida biyu, an samu shafi 32 ke nan. Ana iya yin 16 ko 24, amma dole adadin ya rabu da huɗu, domin haka ninkin takarda yake. A cire kamar shafi huɗu na suna, haƙƙin mallaka da lambar shaidar littafi, wato ISBN, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, saura buɗi 14 na labari, kowane buɗi shafi biyu masu fuskantar juna. A kan wannan gwaji za a yi zanen fensir, a rubuta layi biyu ko uku a shafi, ba fiye ba. Abin da zai sa yaro ɗokin ji a ajiye shi a shafin dama, amsarsa sai an juya. Sai a karanta wa yara biyar ko shida da baki. Duk inda suka fara waige-waige, wurin ya yi tsawo, a rage. Duk inda suka katse mai karatu da tambaya, a bar shi yadda yake.

Baƙon naku bai ko taɓo ɗab'i ba, alhali nan aka fi asara. Takarda mara kauri, mai giram 70, ba ta riƙe launi, zanen baya yakan leƙo gaba. A nemi mai giram 130 zuwa 150, bango kuwa kati mai giram 250 ko 300 da leda a kai, saboda hannu mai maiƙo. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, a waya fes, a takarda dishi-dishi; zane na buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. Launin da ke haske a kwamfuta yakan dusashe a inji, domin inji tawada huɗu yake haɗawa, kuma idan baƙa ta yi yawa a fatar yara, ido da baki duk sai su ɓace. A nemi gwajin shafi ɗaya a gani kafin a biya kuɗi. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kada kuma a sa fuska a tsakiya inda wayar ɗinke littafin za ta bi. Sannan a duba ɓ, ɗ da ƙ ɗaya bayan ɗaya, domin samfurin harafi da yawa ba su da su, sai su fito akwati-akwati ko a mai da ƙasa ta zama kasa.

Littattafan Mu Karanta! da aka raba a firamaren Bauchi da Sakkwato sun taimaka wajen koya wa yara haɗa baƙi. To, yaron da ya iya haɗa baƙi me zai karanta don jin daɗi? Ga giwayen Yankari, ga ruwan Wikki, ga hayaniyar kasuwar Wunti, duk suna jiran mai zana su, ku kuma kun ba wa masu niyya shawarar da za ta ɓata musu aiki. Ku gayyato mai zane da ma'aikacin maɗaba'a su gyara wannan magana.

Sannan, don Allah, wane ne yake sa tallan maganin gargajiya na manya a tsakiyar shirin da kuka ce iyaye su saurara tare da 'ya'yansu? Sau biyu aka sa shi ranar Asabar, da kalaman da uba ba zai iya ji a gaban 'yarsa ba. Ku mai da shi dare.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Unguwar Jahun, Bauchi.