Malamin falsafar da ya hango matsalar muhalli tun 1966

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu ga aikin Farfesa Sayyid Husaini Nasr, malamin falsafa ɗan ƙasar Iran, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba idan ana maganar lalacewar muhalli, alhali yana cikin waɗanda suka fara yin gargaɗi a kanta.

An haife shi a Tehran a 1933, ya karanci fiziks a MIT, wata jami'ar kimiyya da fasaha da ke Amurka, sannan ya yi digirin digirgir a tarihin kimiyya a Jami'ar Harvard a 1958, saboda haka ba daga nesa yake sukar kimiyya ba. Ya koyar a Jami'ar Tehran har juyin juya halin 1979 ya raba shi da ƙasarsa, kuma a 1984 ya koma Jami'ar George Washington.

A 1966, shekara shida kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taronta na muhalli a Stockholm, ya gabatar da laccoci a Jami'ar Shikago inda ya nuna cewa tushen matsalar ba a injina yake ba, a kallon da mutum yake yi wa halitta yake. A ganinsa, tun da ilimin zamani ya raba duniya da Mahaliccinta, daji ya zama katako kawai, kogi ya zama wutar lantarki, babu sauran abin da mutum yake jin nauyin taɓawa. Ya kuma tunatar da Musulmi cewa halittu ayoyi ne, kuma duk wanda ya riƙe matsayin halifa a bayan ƙasa ya manta cewa shi bawa ne, ɓarna zai yi. Wannan ne ɓangaren da na fi ganin ƙarfinsa, domin bai wanke ƙasashen Musulmi ba, waɗanda suka rungumi masana'antu ido rufe.

Duk da haka, ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Matar da take girki da itace, ko saurayin da yake sare bishiya ya yi gawayi, ba wata falsafa ce ta tura su ba, tsadar gas da kalanzir ce, kuma hujjarsa ta fi hawa kan masu tsara manufofi da masu kamfanoni.

Tunda hamada na cin gonaki a Yobe da Jigawa, Tafkin Chadi kuma ya ja baya ƙwarai tun daga shekarun 1960, ina ba da shawara jaridarka ta gayyaci malaman falsafa da na addini daga jami'o'inmu su tattauna ra'ayoyinsa da Hausa a shafinta na muhalli.

Naka,
Mai karatu daga Zariya