Mu ma dattawa a ware mana namu rukunin a tseren keke

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, Malam Edita ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi wata magana wadda na san wasu za su karanta su yi dariya su ce tsoho ya rasa abin yi, to ba komai su yi, ai ko a gidana ma an riga an yi min ita na saba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kano, shekarata 57, saura min shekara uku in ajiye aiki tunda doka ta ce in ka kai shekara 60 a duniya ko ka yi 35 kana aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ka tattara naka ya naka. Duk wanda ya zo wannan gaɓar ya san irin tunanin da ke hana barci, lissafin fansho, kuɗin makarantar yara, wace sana'a za a kama. Amma abin da ban cika jin muna sa wa a lissafi ba shi ne jikin da zai ci fanshon. Na ga manyanmu da yawa a ofis, mutum ya fita da ƙarfinsa, bayan shekara biyu ka je gaishe shi ka tarar da shi a kan tabarma a ƙofar gida, daga masallaci sai majalisa, ƙafa ta kumbura ga ledar magunguna a gefe. Hawa benen ofis da ɗan zirga-zirgar nan da muke rainawa ashe su suke riƙe da mu.

Ni dai ba dan wata hikima na fara hawa keke ba, tsadar mai ce ta koro ni. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 motata ta koma sai ranar Juma'a ko in za a kai iyali unguwa, a daidai lokacin kuma likita ya auna ni yace jinina ya hau, suga ma yana bakin layi, in ban motsa jiki ba magani kaɗai ba zai yi ba. Na gwada ɗan gudu-gudu da safe, sati biyu gwiwa tace ba da ita ba. Sai na tuna da wani tsohon Fonis da ke jingine a zaure shekara da shekaru kaji na kwana a kai, na tura shi wajen mai faci ya sa sabuwar taya da robar birki ya zuba wa sarƙa mai. Ranar farko ko kilomita uku ban yi ba na sauka ina haki kamar wanda aka biyo, na zauna a gindin wata darbejiya ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Abin da ya fi hakin wahala shi ne idon mutane. Ka fito da furfurarka a kan keke, sai ka ji ana "Alhaji lafiya dai ko? motar ce ta samu matsala?" Wani maƙocina har gida ya same ni bayan isha'i, ya rage murya yace in akwai wata damuwa kar in ɓoye masa, mun zama ɗaya. Allah ya saka masa da alheri, amma wallahi na rasa yadda zan fahimtar da shi. Jikata kuwa cewa tai ta fasa auren tunda angon ya koma ɗan keke. Abin mamaki a zamanin iyayenmu malamin makaranta ko akawu in ya sayi Rale sai unguwa ta fito kallo, a ɗaure masa jiki da leda kar ya ƙuje, yau kuma shi ne alamar an karye. Masu shekaru irina za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, da ya riƙa kiran mutane su koma keke har shi ma yana hawa zuwa aiki a Abuja, aka mai da shi abin dariya, ranar da wata bas ta ture shi ya faɗa kwata kuwa sai dariyar ta ƙaru maimakon a tambayi me ya sa titinmu ba shi da wajen mai keke.

Bayan wata shida na haɗu da wasu mutane da suke fita bayan sallar asuba ranar Asabar, yawancinsu sun haura hamsin, akwai malamin makaranta, akwai ɗan kasuwa, akwai wanda ya riga ya yi ritaya daga aikin asibiti. Su suka nuna min keken tsere, mai siririyar taya da kai a lanƙwashe, na lallaɓa na sayi na hannu. Bambancin ba a magana, Fonis ɗina ya kusa kilo 20, wannan kuwa da hannu ɗaya nake ɗaga shi, na ƙwararru ma har doka aka sa musu kar ya gaza kilo 6.8 saboda tsabar rashin nauyi. A wajensu na koyi cewa ba ƙarfin tuwo ake nunawa a feda ba, giya mai sauƙi ake sawa ƙafa ta riƙa juyawa da sauri kamar sau 80 zuwa 90 a minti, shi ne gwiwa take hutawa. Na koyi tsayin sirdi, in ya yi ƙasa gwiwa ce za ta biya, in ya yi sama ƙugu ya riƙa rawa. Sannan babban sirrin, iska. In ka laɓe a bayan wani tayarka kusa da tasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar ya ɗauke maka, shiyasa za ka ga 'yan tsere a talabijin sun cure waje ɗaya kamar garken tumaki, na gaba ya ja ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Kaga kenan harkar ta lissafi ce da haƙuri da sanin lokacin da za ka saki ƙarfinka, kuma waɗannan ai kayan tsoho ne, da tsohuwar zuma ake magani.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya aka shirya wani tsere, mu huɗu muka je da murnarmu za mu yi rijista. Yaron da ke kan tebur ya dube mu sama da ƙasa, cikin ladabi dai, yace Baba ai rukuni biyu ne, na yara da na manya, kuma manyan nan 'yan shekara ashirin da wani abu ne, in kuna so ku shiga cikinsu ko kuma ku zauna a rumfa in an gama ku taya mu miƙa kyauta. Ukunmu muka haƙura. Na huɗun, mutum mai zuciya, yace shi sai ya shiga. Yara suka fizga tun daga farko shi kuma ya ƙi yarda a bar shi a baya, bai yi kilomita goma ba muka same shi a gefen titi ya yi zaman dirshan yana ganin jiri, sai da muka yi ta zuba masa ruwa. Allah ya kiyaye. Ban ga laifin yaran ba kuma ban ga nasa ba, tsarin ne ya haɗa wanda bai kamata a haɗa ba. Zuciyar ɗan shekara 58 ba ta bugawa da sauri irin ta ɗan 22 ko da kuwa kullum yana atisaye, haka Allah ya yi jikin ɗan Adam, ko dambe ma ai ba a haɗa kowa da kowa.

A wasu ƙasashe an daɗe da gama wannan maganar. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tana da gasar duniya ta waɗanda ba sana'arsu ba ce, ana ce mata Gran Fondo, kuma daga shekara 35 zuwa sama rukuni-rukuni ake yi na shekara biyar-biyar, 50 zuwa 54, 55 zuwa 59, 60 zuwa 64, haka har sama, maza daban mata daban, kowa da sa'anninsa kowa da lambar yabonsa. A Afirka ta Kudu akwai tseren da aka fara a birnin Cape Town tun 1978, yanzu a watan Maris ake yin sa, kilomita 109, dubban mutane ke shiga, a ciki har da masu jikoki. Wani Bafaranshe mai suna Robert Marchand kuwa a watan Janairun 2017 yana da shekara 105 ya yi kilomita 22 da rabi cikin awa ɗaya, ya rasu a 2021 yana da 109. Ni da nake da 57 ina kukan tsufa, a wajensa ai jika ne.

Kar kuma a ce abin na Turawa ne. 'Yan uwanmu na Burkina Faso suna yin tseren kekensu, Tour du Faso, tun 1987. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a 2024 ya tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, a watan Satumban 2025 kuma aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karon farko a nahiyar Afirka. Mu a nan muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003, kuma a 2024 ne muka fara samun wakilci a tseren keke na Olamfik, Ese Ukpeseraye, wadda sai da tawagar Jamus ta ara mata keke a wasu wasannin a Faris. In matasan da ke ɗaukar tutar ƙasa haka suke fama, na san mu dattawa muna can ƙarshen layi, shiyasa ma abin da nake roƙo ba mai cin kuɗi ba ne.

Duk wanda zai shirya tsere, ƙungiya ce ko hukumar wasanni ta jiha ko wani kamfani mai neman talla, ya ƙara layi biyu ko uku a takardar rijista, 'yan 40 zuwa 49, 'yan 50 zuwa 59, sai 60 zuwa sama. Ba sai an sa mana kyautar kuɗi ba, 'yar takardar shaida da za a rataye a falo ta ishe mu. Kuma ni a ganina a fara mana da irin tseren da ake sakin mutum ɗai-ɗai, minti ɗaya tsakani, kowa da agogo yake kokawa, kilomita 10 ko 15, babu gogayya balle wani ya taɓa tayar wani a zube, dan ƙashin tsoho in ya karye ba ya ɗoruwa da wuri. A auna jinin kowa kafin a tashi, wanda nasa ya hau a ba shi haƙuri, ba hular kwano ba tsere, a ajiye motar asibiti ɗaya. Sai babbar buƙata, titi. A rufe mana hannu ɗaya na awa biyu kacal ranar Lahadi da sassafe kafin gari ya tashi, 'yan rod sefti da 'yan Karota su tsaya a mahaɗa. Ana rufe titi saboda ɗaurin aure da taron siyasa ai. Duk mai hawa keke a garin nan ya san yadda ake ji in ɗan adaidaita sahu ya yanko gabanka ya tsaya cak dan ya hango fasinja, ko tirela ta wuce ka a hanyar Zariya iskarta ta nemi ta jefa ka cikin yashi.

Sannan dan Allah a yi rukunin masu Fonis da Rale, kar abin ya zama na masu kuɗi. Ina faɗin haka ne saboda wata Asabar a hanyar Wudil, ina ta fama da wani ɗan hawa da kekena mai giya da hulata da gorar ruwa, sai ga wani dattijo wanda na tabbata ya girme ni, da buhu ɗaure a bayan tsohon kekensa, silifas a ƙafa, ya zo ya wuce ni yana min sallama ko haki ba ya yi. Irinsu suna nan birjik a ƙauyukanmu, shekara arba'in suna taka feda zuwa kasuwa, in aka buɗe musu fili wallahi mu 'yan birni sai dai mu bi ƙura.

Ga 'yan uwana masu jiran takardar sallama kuma, kar mutum ya karanta wannan gobe ya fizgi keken ɗansa ya nufi Bichi. A fara ganin likita musamman mai hawan jini ko wanda ya taɓa jin ƙirjinsa na riƙewa. Hukumar lafiya ta duniya minti 150 take cewa a sati na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar, kuma gwajin mai sauƙi ne, in kana tafe kana iya hira da na kusa da kai to daidai kake, in magana ta gagara ka rage. Lokacin zafi, Maris da Afrilu, ƙarfe takwas ta same ka a gida. Lokacin hunturu a rufe hanci saboda ƙura. Mai suga ya sa dabino a aljihu. A riƙa haɗawa da tafiyar ƙafa dan keke ba ya ƙarfafa ƙashi kamar yadda tafiya take yi. Kuma kar wanda ya kwashi kuɗin sallamarsa ya zuba a keken miliyoyi, na hannu mai lafiya ya wadatar, Hajiya ma ba za ta yarda ba. Maganar matsattsen wandon nan nasu kuwa ni dogon wando nake ɗorawa a kai in ɗaure bakin ƙafar dama kar sarƙa ta kama, ina da surukai a garin nan.

Yanzu ina yin kilomita 40 ranar Asabar ba tare da na sauka ba, likita ya rage min ƙwaya ɗaya, maƙocin nan nawa ma ya fara tambayar nawa ake sai da na hannu. Niyyata in Allah ya kai mu ranar da zan karɓi takardar ritaya, washegari in je Wudil in dawo a kan keke. Da za a samu wanda zai shirya mana tseren 'yan sittin kafin nan, sunana ne zai zama na farko a takarda.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani ma'aikaci mai jiran fansho,
daga Kano.