A riƙa tambayar uwa ko ta samu barci

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan abin da ba a cika taɓowa ba idan ana maganar yara masu galahanga (autism, lalurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane): barci.

Ɗana shekararsa 7. Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, nawa kuwa da ƙyar yake samun biyar. Ƙarfe biyun dare zai farka garau, ya kunna fitila, ya shiga jera takalma a bakin ƙofa. Ni kuma ina zaune ina gadi, kada ya buɗe ya fita. Da safe abu kaɗan sai in hau yayarsa da faɗa, alhali ba ta yi komai ba. Ni da mahaifinsu har hira ta gagare mu.

Ba rashin tarbiyya ba ne, kamar yadda wasu ke faɗa. Yawancin irin yaran nan suna fama da wannan, wasu don sinadarin melatonin mai kawo barci ba ya fita a kan lokaci. Hasken waya da dare yana ƙara jinkirta shi. Ɗauke wayar da tsayar da lokacin kwanciya sun ɗan rage mana.

Roƙona ga likitoci: bayan duba yaron, ku tambayi uwar yaushe rabonta da barci.

Wata uwa mai karanta jaridarku