Zuwa ga ɗana mai shirin koyon mota

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Nan gida kowa ƙalau, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso cewa kana son koyon mota idan an yi hutu. Na amince, kuma na ji daɗi. Ka cika shekara 18, doka ta ba ka dama, gidan kuma yana bukatar wanda zai iya kai mara lafiya asibiti cikin dare idan ba na nan. Sai dai da motar gida mai giyar hannu za ka koya, ba atomatik da abokanka suke kwaɗaita maka ba. Wanda ya iya manuwal, kowace mota aka miƙa masa makullinta zai ja. Wanda ya tsaya a atomatik kuwa, ran da lalura ta haɗa shi da motar kaya, sai dai ya nemi direba.

Duk wahalar manuwal tana ƙafar hagu. Kuloci shi ne yake haɗa inji da giya, shi ne kuma yake raba su. Idan ka take shi har ƙasa, inji yana juyawa shi kaɗai, ƙarfinsa ba ya isa ga taya. Kana ɗago ƙafa a hankali za ka iso wani wuri inda ƙarar inji take ɗan sauka, motar ta ɗan yi rawa tana neman tafiya. Ka tsayar da ƙafarka a nan, ka ba ta wuta kaɗan da ta dama, sannan ka ƙarasa saki. In ka saki da garaje, za ta yi tsalle ta mutu. Kuma za ta mutu maka, ba sau ɗaya ba, wata rana ma a bakin danja, na baya suna ta danna hon, ɗan adaidaita ya leƙo ya yaɓa maka magana. Kada ka kula shi. Taka birki, mayar da giya firi, tayar da ita, ka sake gwadawa. Rikicewar da hon yake jefa ɗan koyo a ciki ta fi mutuwar motar haɗari nesa ba kusa ba.

Inda zan fi matsa maka shi ne tashi a kan hawa. Idan goslo ya tsayar da kai a gadar Ƙofar Nassarawa, wata mota kuma ta manne maka a baya, ja hambirki. Sa giya ɗaya, ɗago kuloci zuwa inda yake kamawa, ƙara wuta, sannan ka sauke hambirkin. Kada ka saba riƙe mota da rabin kuloci, ko ɗora ƙafa a kansa kana cikin tafiya. Faifansa ne yake cinyewa, za ka ji ƙauri, ƙarshenta sai mun je Ƙofar Ruwa neman wani. A gangara kuma kada ka sa firi da sunan tattalin mai. Bar ta a giya, inji ya taya birki riƙe ta.

Wannan duka hannunka da ƙafarka za su saba da shi cikin 'yan makonni. Abin da yake hana ni barci shi ne lokacin da zai biyo baya, lokacin da za ka fara jin ka iya. Titin Kano ba na motoci kaɗai ba ne. Ɗan adaidaita zai tsaya maka cak ba sigina saboda wata ta ɗaga masa hannu. Mai kurar ruwa zai fito daga lungu, nauyin jarkoki ya hana shi tsayawa. Wajen Kantin Kwari da Singa, ɗan dako da kaya a ka ba ya iya waiwayowa. Almajiri ɗan shekara bakwai zai ga abokinsa a tsallake ya ruga ba tare da ya duba ba. Duk waɗannan kai ne za ka duba musu, domin kai ne ke riƙe da ƙarfe.

Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, amma ko a hakan mota tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya ka duba waya na daƙiƙa biyu, ka yi tafiyar mita 28 ido rufe. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin ya tsayar da kai yana ninkuwa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Tsaranku ke nan, kai da ƙannenka.

A shataletale, wanda yake ciki shi ke da hanya. Ka ɗaura bel kafin ka tayar da mota. Aron hannu kuwa, ko babu ɗan KAROTA, masu kula da titunan Kano, ko ɗaya a wurin, ban yarda ka yi ba.

Akwai abu guda da in na ji ka yi shi zan karɓe makullin: wasan mota a wajen biki. Na san yadda ake zuga yaro ranar kai amarya, a cika mota da abokai, a yi ta juya sitiyari ana ihu. Ka je Asibitin Ƙashi na Dala wata rana ka zaga ɗakunan, ka ga samari kamarka da ƙarafa a ƙafa. Ka kuma buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 92, ka ga hukuncin wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya ga iyalansa, da kaffarar da a yau take komawa azumin wata biyu a jere. Wannan fa na kuskure ne. To ina ga wanda ya san ganganci yake yi? Mutane suna saurin cewa ƙaddara ce, kuma mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta ɗauke wa mai sakaci alhakinsa.

Lasisi kuma ta ƙofar gaba za ka same shi. Za ka shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, ka karɓi takardar izinin koyo, mu liƙa alamar L a gaba da baya, sannan jami'an VIO, masu duba motoci da direbobi, su gwada ka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi da hoto ya kawo maka har gida, ka ba shi haƙuri. Ka ajiye lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, a wayarka tun yanzu.

Kafin ka taho ka je a duba maka idonka, tunda ka taɓa cewa rubutun allo yana yi maka dishi-dishi. Za mu riƙa fita bayan sallar asuba, kafin titi ya cika, ni ina gefenka. Ka haddace addu'ar hawa abin hawa idan ta kwance maka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka, Ya tsare mutane daga hannunka.

Mahaifinka,
Kano.