A sa kuɗin gyaran burtsatse cikin kasafin ƙananan hukumomi

Malam Edita, assalamu alaikum. Kirana ga ciyamomi da kansiloli ne.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya kamata a gyara yadda ake kashe kuɗin samar da ruwan sha. Ana ta ba da kwangilar sababbin burtsatse, tsofaffi na tsaye, kuma da yawansu ba ƙafewa suka yi ba. A famfon tuƙa-tuƙa, robar cikin silinda ce ke cinyewa, sarƙa ta bushe don rashin giris, bututun ƙarfe ya yi tsatsa har ya huje. Na sola kuwa, ƙurar hunturu kan rufe fuskar farantin, ko injin ya ƙone idan yana juyawa babu ruwa, saboda ɗan kwangila bai kai zurfin da aka biya shi ba.

Don Allah a ware kason gyara, a horar da makanike a kowace mazaɓa, a ajiye robobi da sarƙoƙi a sakatariya. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an gwada ruwan a watan Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa.

Wassalam.